Mallam Yaji, Ba Ka Ce In Saki Ba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. A ranar Talata, 8 ga Afrilu, 2025, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Mallam Yaji, bakaniken birki da ke bakin hanyar Mamudo a Potiskum. Ya rasu a ƙarƙashin bas ɗina, ina zaune a kujerar direba.

Mallam, na gaji da maimaita wa masu zuwa gaisuwa yadda abin ya faru, shi ya sa na rubuta.

Man birki ke zuba daga ɗan ƙarfen nan da bututan birki suke haɗuwa a cikinsa, wanda kake kira mararraba. Wani ya ba ni shawarar a toshe layi ɗaya da ƙusa in ci gaba da lodi. Da ka ji, sai ka harare ni ka ce, "Kaumi, mutane kake ɗauka ko buhun gero?" Haka kake da faɗa. Direbobi da yawa sun bar garejinka da fushi, kuma duk sun dawo. Ranar da matata take naƙuda, a motarka aka kai ta asibiti, kana tuƙi kana yi mini masifar tayoyina sun suɗe.

Ka cire tsohuwar mararraba, ka ɗaura sabuwa, saura fitar da iska daga bututan. A nan ba ka yarda kowa ya taka birki sai mai motar. Kai kana ƙasa da sifana, ni ina sama. "Taka! Riƙe! Saki!" Shekara da shekaru kana jaddada mini cewa in na ɗaga ƙafa kafin ka ɗaure notin fitar da iskar, iska za ta koma, kuma birki mai iska a tsakiyar kasuwa yake cin amana.

A tayar ƙarshe ka ce, "Riƙe!" Na riƙe. Na ji shiru, na ɗauka notin ne ya yi maka gardama. Cinyata ta fara rawa, gumi ya jiƙa mini riga, ban ɗaga ba. Sai da Joda, mai facin da ke maƙwabtaka da kai, ya leƙa ya yi salati, ashe rai ya riga ya yi halinsa.

Bayan jana'iza Joda ya shiga ƙarƙashin motar ya duba. Notin a ɗaure yake tam. Ka gama aikinka, maganar ce kawai ba ta samu fita ba.

Na koma lodi, don iyali sai sun ci. Birkin yana kamawa. Amma duk inda na taka na tsaya, sai na baya sun yi ta hon kafin in tuna in ɗaga ƙafa.

Ina yi wa matarka Inna Fanne da 'ya'yanka, Mahdi da Bilkisu, ta'aziyya. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya sa rayukan da ka tsare su zama shaida a gare ka. Mu da muke riƙe har yanzu, Allah ya kyautata namu ƙarshen.