Injin Baba da Wankin Inna

Ni tela ne, kuma da wannan zan fara don kada wani ya zaci makanike ke magana. Abin da na sani na ƙarfe a duniya shi ne keken ɗinkina: in ɗiga masa mai, in canja allura, shi ke nan. Amma shekara biyar ko shida bayan samun 'yancin kai, ni ne na kwance injin mota mai pisto takwas a tsakar gidanmu a Dakoro, na kuma mayar da shi. Har yau in na tuna sai in dubi hannuwana in ce, kai, ku ne kuwa?

Motar ta Baba ce. Tsohuwar kamiyonet ce, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya, ƙirar Amirka, wadda a da koriya ce kafin rana ta shanye launin. Wani Bature mai haƙa rijiyoyi Baba ya yi wa direba shekaru, da zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. Baba ya yi ta ɗaukar gero da fatu tsakanin Dakoro da Maradi, har ta fara baƙin hayaƙi tana shan mai ba kan gado. Wata rana ta yi tari a ƙofar gida ta yi shiru. Aka turo ta ƙarƙashin rumfa, ta shekara biyu a nan, kaji suna saka ƙwai a kujerar gaba.

A cikin waɗannan shekaru biyu ne yanar ido ta fara rufe ganin Baba. Na dama ya riga ya tafi, na hagu ne ke da saura. In aka tambaye shi yadda yake gani, sai ya ce kamar ruwa ne a ƙwarya, kullum ana ƙara masa ludayin nono. An je asibiti, an sha rubutu, an ɗiga abin da aka ɗiga, nonon bai daina ƙaruwa ba.

Wata safiya da bazara ya zo rumfar ɗinkina ya zauna a bakin tabarma. Ya daɗe yana sauraron keken kafin ya yi magana.

"Ina son in tuƙa ta sau ɗaya da idona, kafin hasken nan ya ƙare," in ji shi. "Ba nisa. Hanyar Korahane, in kai fakon nan in juyo."

"Baba, ai ni tela ne."

"Na sani, ni na kai ka koyo. Kai ke da ido, ni ke da hannu. Mi ya rage?"

Sai na rufe keken da zane na bi shi.

Fitar da injin daga cikin motar ma abin kallo ne. Ba mu da sarƙa ko wani abin ɗagawa, sai Baba ya ce a yi masa yadda ake yi wa guga. Aka kafa itace uku a kan motar kamar a bakin rijiya, aka ari igiyar fata da takarkari wurin maƙwabcinmu makiyayi. Takarkarin ya yi gaba a hankali yana kaɗa kunne, shi ruwa ya san yana ja. Sai ga injin ya taso, baƙi ƙirin, yana ɗigar mai yana juyawa a iska. Matan unguwa suka leƙo ta kan darni, wata ta rangaɗa guɗa don tsokana.

Daga nan kwanakin suka shiga juna, ba na iya rarrabe su. Abin da ya zauna mini shi ne hasken hantsi yana ratsowa ta zanar rumfa layi-layi, da warin tsohon mai, da hannun Baba. Yakan ɗora tafinsa a kan ƙarfe ya yi shiru kamar mai jin zazzaɓin yaro, sannan ya ce, "Nan, kunce wannan. A hankali, ba wandon wani kake farkewa ba." Muka cire kawunan injin biyu, muka zaro pistocin, wato ƙarafan nan da ke hawa da sauka a cikinsa, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne da wurinsa a kan tabarma, huɗu dama huɗu hagu, kuma wanda ya kuskura ya sauya musu wuri ya shiga uku. Duk abin da na miƙa masa sai ya kai shi daf da idon hagu, ya juya wajen haske, ya lumshe na dama da ba ya ganin komai, sabo kawai.

Yana aiki yana ba ni labarin hanya. Yadda rairayi ke yin ja da yamma a arewa, yadda bareyi ke tsere da mota har su gaji, yadda wata rana ya ga tafki shimfiɗe a gabansa ya bi shi rabin yini bai kai ba. Ni kuwa ina murza sandar gyaran bawul, 'yan murafan da ke buɗe wa injin hanyar iska, tsakanin tafukana yadda Inna ke murza maburgi a miya, har in manta inda nake. Wani lokaci sai in ga kamar motar ce ke tafiya da mu alhali hanjinta na shimfiɗe a ƙasa. Da aka zo yankan juwan, wato takardar da ake sakawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada mai ya zuba, nan na nuna musu ni tela ne. Baba ya shafa gefen da almakashina ya bi, ya ce, "To, ashe kana da amfani." Wallahi na ji daɗi kamar an ba ni sarauta.

Yanzu sai maganar Inna. Mahaifiyata mace ce da ba ta iya ganin baƙin abu ta wuce. Tukunyarta ko ta shekara goma a murhu sai ta goge ta da yashi da toka har ka ga fuskarka. Tun da muka fara take zagaya tabarmar nan tana tsaki. Amma ba ƙazantar kaɗai ke damunta ba. Ita ma tana lura da idon Baba, tana ganin yadda kullum yake ƙara matso da abu kusa da fuskarsa, kuma tana ganin mu biyu muna aiki kamar masu shekara goma a gaba.

A cikin kayan akwai wasu 'yan ƙarafa sirara masu siffar jinjirin wata, makanikai na kiransu kusine. Su ne ke kwanciya tsakanin ƙafar pisto da babban ƙarfen da ke juyawa. Cikinsu yana da wani shafi mai taushi, toka-toka, marar kyan gani, kuma wannan shafin shi ne amfaninsu duka. Baba ya shafa su ɗaya-ɗaya ya ce Allah ya taimake mu, suna da sauran rai, a wanke su da isansi kawai, wato fetur, a mayar.

Ranar Juma'a muka tafi masallaci muka bar su a cikin tasa. Da muka dawo sai muka tarar da Inna zaune a inuwa tana murmushi, hannuwanta duk toka. A gabanta ga faifai, ga kusine an jera su kamar kayan ɗakin amarya, suna ƙyalli jawur. Ta goge su da yashi har tagullar ƙasa ta fito.

"Na rage muku aiki," in ji ta. "Ku maza ba ku iya wanki ba."

Baba ya tsuguna ya lalubi ɗaya, ya bi cikinsa da babban yatsa. Ni ne na yi magana, kuma ni mutum ne mai saurin baki, har yau ban warke ba.

"Inna, kin kashe mu! Kin san abin da kika yi? Yanzu ina za a samo wasu? Idon nasa jiranmu zai yi?"

"Kai!" Baba ya daka mini tsawa. "Da uwarka kake magana." Sannan ya juya wajenta ya sassauta murya. "Sun yi kyau. Dama sun tsufa, gara sababbi."

Amma maganata ta riga ta shiga. Murmushin ya bar fuskarta, ta dubi hannuwanta, ta tambaya a hankali, "Malam, kwana nawa za a yi kafin a samu?" Na yi nadamar abubuwa da yawa a rayuwata, amma wannan bakin da na buɗe yana cikin na gaba-gaba.

A Maradi ba a samu ba, don motar ba irin ta Faransa ba ce. Sai wani ɗan kasuwa abokin Baba da ke zuwa Kano ya karɓi ɗaya a matsayin samfur ya ce zai duba. Bayan tafiyarsa da kwana kaɗan ruwa ya sauka, hanya ta yanke.

Damina ce mai kyau a shekarar, na tuna, kuma na ji haushin kyanta. Na tattara ƙyallayen da suka rage a rumfata na ɗinka wa kowane ƙarfe jakarsa, muka shafe su da mai muka shigar da su ɗaki. Pistoci takwas suka kwanta cikin atamfa da shadda, kowa da launinsa. Gero ya tashi, duniya ta yi kore har bakin gari. Baba yakan fita ƙofar gida da safe ya tsaya yana fuskantar gonaki, ya daɗe, sannan ya dawo ciki. Inna ta daina tsaki, ta daina waƙar da take yi wajen daka. Duk motar da ta ji ƙararta ta shigo gari, sai ta yafa mayafi ta aike ni in tambayo.

Sai da gero ya fara nuna saƙon ya iso, sababbin kusine a cikin ƙaramin kwali, kowanne naɗe da takarda mai maiƙo. Muka fito da kaya muka fara mayarwa. A rana ta biyu na miƙa wa Baba pisto, sai na ga bai kai shi wajen ido ba, ya ɗora shi a cinya yana shafawa. Na ɗaga makulli a gaban fuskarsa ban yi magana ba. Idonsa bai bi ba. Ya ji numfashina ya canja, ya kama wuyan hannuna ya matse.

"Tun tsakiyar damina," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Kada ka faɗa mata."

"To Baba, mi za mu yi da motar?"

"Za mu gama ta. Miƙo zoben pisto ɗin nan."

Muka gama ta. Ni ina kallo ina ɗaurewa, shi yana bin bayana da yatsa yana cewa ƙara kaɗan, ya isa. Takarkarin maƙwabci ya dawo ya sauke injin a mazauninsa. Ranar kasuwa wani direban babbar mota ya ara mana batir, ya zuba isansi kaɗan a maƙogwaron injin. Sau uku tana tari tana mutuwa. A na huɗu ta kama, ta yi wata irin ƙara mai zurfi da na ji har cikin haƙarƙarina, hayaƙi shuɗi ya cika tsakar gida, kaji suka watse. Baba ya tsaya da hannu ɗaya a jikinta, kansa a karkace, yana sauraro. Ya ce takwas ɗin duk suna magana.

Washegari da hantsi muka fita. Baba ya ce cikin gari akwai yara da awaki, direban nan ya fitar mana da ita zuwa bayan gari, kuma kowa ya ga hankali ne. An gama girbi, gonaki sun buɗe, sai karan gero a tsaye nan da can. A bakin fako direban ya sauka. Baba ya shiga ya zauna ya riƙe bolan, wato sitiyari, ni a tsakiya, Inna a bakin taga da sabon zanenta. Tunda aka kawo motar gidanmu ba ta taɓa shiga ba sai ran nan.

Ya sa bitas, wato giya, muka motsa. Na saƙala yatsu biyu a ƙasan bolan inda Inna ba za ta gani ba, amma kusan ban yi komai ba, don filin shimfiɗe yake fayau, babu ko kututture. Iska mai ƙanshin busasshiyar ciyawa ta shigo ta taga. Sama ta yi faɗi, ƙasa tana zamewa a ƙarƙashinmu a hankali, na rasa ko tafiya muke ko shawagi. Baba ya miƙe zaune, idanunsa a buɗe suna kallon gaba, yana faɗa wa Inna abin da ke hanya: ga tudun can, ga inda makiyaya ke sauka. Tana cewa i, i.

Can sai ya rage gudu. Ya karya bolan dama a hankali, ya yi wani babban zagaye da kulawa, ya dawo kan hanyarsa. Babu komai a wurin, sai fili da ɗan ramin da ciyawa ta rufe, inda wata bishiya ta taɓa tsayawa a zamanin da yake bin hanyar.

"Kin gani?" in ji shi, muryarsa cike da alfahari. "Gawon nan da ke cin mudubin direbobi. Na kauce masa."

Na ji jikin Inna ya sandare a gefena. Ta juya ta dubi filin da muka zagaye, ta daɗe tana dubawa har ya wuce bayanmu. Sannan ta dubi fuskar Baba, ta dubi yatsuna biyu a ƙasan bolan. Hawaye na bin kumatunta amma ba ta bari muryarta ta yi rawa ba.

"Na gani, Malam," ta ce. "Ko ganye ba ka taɓa ba. Ƙara wuta mana, mu je gaba kaɗan."