Bencin Kusa da Ogan

Shekara arba'in da ɗaya Don Apolinar Zárate ya yi yana kaɗa ogan a cocinmu, kuma shi ke koyar da mu mawaƙa. Yana saurayi ya biyo mahaifinsa gyaran zugazugin ogan ɗin, uban ya gama ya koma Oaxaca, shi ya maƙale a nan. Bai taɓa aure ba. Abincinsa kofin atole, wato kunun masara, da tortilla biyu, wato wainar masara, sai masifa, wadda ita kam ba ya tsimin ta. In mutum ya kauce wa murya, ko kai ba ya ɗagawa, sai ya ce akwai akuya a layi na biyu, a taimaka a fitar da ita.

Amma kunnensa ne abin tsoro. A saman bene inda muke waƙa akwai wani gajeren benci a gefen ogan. Wata Alhamis muna gwaji da la'asar, ya tsayar da kiɗa, ya ce wa Cirilo mai gasa burodi ya dawo nan ya zauna. Cirilo ƙato ne, ko mura ba ya yi. Bayan wata biyu muka yi masa waƙar jana'iza. Bayansa aka yi Doña Perpetua, sannan Nicanor mai gyaran takalmi. Daga nan ko mai shara ba ta taɓa bencin.

Da Fada, limamin cocinmu, ya tambaye shi, sai ya ce wa Fada shi ba boka ba ne. Ƙirjin mutum kamar zugazugi yake, in ya fara yoyo yana ji tun mai shi bai sani ba, shi ya sa yake matso da mutum kusa don ya huta da tsayuwa.

Ni da ƙanwata Rufina tun muna 'yan mata muke layin gaba, kafaɗa da kafaɗa. Muryarmu ɗaya, ko uwarmu ba ta rarrabewa in muka kira ta daga tsakar gida. Ana saura mako uku bikin waliyyin garinmu, Don Apolinar ya ɗauke hannu daga kan ogan, sannan ya ce Rufina ta dawo benci.

Na juya na kalli ƙanwata. 'Ya'yanta uku, ƙaramar ko yaye ba a yi ba. Ita kuwa ta tafi sumui-sumui ta zauna, ta ninke mayafinta a cinya, tana rera waƙa hawaye na zuba.

Washegari na sa ta a mota zuwa birni. Likita ya duba ƙirji, ya duba jini, ya ce lafiyarta ƙalau. Duk da haka ta daina cin abinci, ta fara raba wa maƙwabta kajinta. Lahadi biyu ta yi a bencin nan, ni ina tsaye a gaba ina waƙa ina tsine wa tsohon a zuciyata.

Ran Litinin da hantsi na hau benen na same shi shi kaɗai yana goge bututun ogan. Babu irin abin da ban faɗa masa ba. Na ce ya tsufa, kunnensa ya ruɓe, tsoro yake kashe mutane da shi. Na dangwara masa takardar likita.

Bai ko dube ta ba. Ya ce, "Gaskiyar likita ce. Ki ce wa Rufina ta karɓo kajinta."

"To don me ka yi mata haka, Baba?"

"Yoyon daga wajenku yake fitowa, Casilda, amma kun manne da juna, na kasa gane na wa ne a cikinku. Dole na raba ku. Ita na ji ta a kusa, Lahadi biyu. Ƙirjinta garau."

Sai a lokacin na lura har yanzu haki nake yi, kuma matakala goma sha huɗu ce kawai. Ya sa tsumman hannunsa ya share bencin a hankali, ya matsa gefe.

"Zauna, 'yata," in ji shi. "Kin daɗe a tsaye."