Motar da Babu Abin Kamawa

Sana'ata sayar da motoci na hannu. Na zo Doha da lasin tuƙi kawai, na yi wa wani Balarabe direba, na koma dillanci, yau ina da ɗan filin da nake jera motoci. Idan aka kawo mini mota nakan duba taya da fenti, in zauna a kujerar direba in saurari lafiyarta. Kujerar baya sai dai in leƙa in ga ko ta yage.

Da motocin lantarki suka fara shigo mana, na riƙe ɗaya don kaina. Masu saye sukan dawo da ƙorafi. Rufin gilashi yana gasa kai a zafin garin nan. Na'urar sanyi ba ta da maɓalli, sai ka yi ta lalube a allo kana tuƙi. Mariƙin ƙofa ya shige cikin jikin motar, sai an danna yake fitowa. Wani likita ɗan Zariya ya ce matarsa in ta zauna a baya gwiwarta har ƙirji, don batir ya ɗaga ƙasan motar. Nakan ce musu za su saba, kuma yawancinsu suna sabawa.

Sai mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama, na kawo shi nan don a yi masa gashin ƙashi a asibiti. Ni ne ɗan farinsa. Tun da nake bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. In yana son magana da ni sai ya kalli bango ya ce, "Ana ji?" Wannan kunyar ce irin ƙaunarsa, kuma ban taɓa neman wata ba. Don haka na ɗauki ma'aikacin jinya, shi ke yi masa wanka, shi ke sa shi a mota ranar asibiti. Ran Juma'a ne kaɗai ba ya zuwa.

Da ƙafar ta ɗan fara ɗauka, Baba ya ce yana son Juma'a a masallacin unguwar Bin Omran, inda 'yan gida masu gadi da direbobi suke taruwa. A ƙofar gidana a unguwar Ain Khaled akwai dakali, ta kan dakalin ya zame ya zauna a mota ba tare da na taɓa shi ba. A masallaci ma ya sauko da sandarsa. Aka idar, mutane suka kewaye shi da gaisuwa, na ga ya yi dariyar da rabona da ita tun kafin ciwon.

Wajen komawa aka samu matsala. Babu dakali. Ya yi bisimilla, ya ɗaga ƙafar dama da ƙyar, don ba zai shiga da hagu ba. Sannan ya kai hannunsa mai lafiya saman ƙofa, inda kowace tasi da ya taɓa shiga take da abin kamawa. Motata ba ta da shi. Hannun ya shafi rufi ya dawo wayam. Sanda ta faɗi, hula ta faɗi, babbar riga ta naɗe masa ƙafa, ya tafi ta baya.

Na tare shi. Wani direba ya ce, "Yalla, maza Alhaji, sungume shi kawai, rana na dukansa!"

Wani kuma, don ya sassauta abin, ya ce, "Baba, ka ga motar ɗanka? Ba ta sha mai, ba ta kuma riƙe baƙo!"

Aka yi dariya, ba da mugunta ba. Ni kuwa na sa hannu ɗaya a bayansa, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, na ɗaga shi kamar jinjiri a gaban jama'a, na sa shi a mota. Bai da nauyi ko kaɗan. Motar ba ta da ƙarar inji, har muka isa gida numfashinsa kaɗai nake ji.

Washegari na kai ta gareji a sa mini mariƙi. Makaniken ya ƙwanƙwasa rufin ya ce akwai jakar iska ta kariya daga hatsari a wurin, ba ya huda shi. "Khalas," in ji shi da Larabci, wato magana ta ƙare. Ban ja ba. Na ɗauko wata tsohuwar mota mai shan mai daga filina, mai ƙasa-ƙasa, da abin kamawa a kowace ƙofa. Na zauna a bayanta na gwada shiga da fita da ƙafa ɗaya. Ran Juma'a na ajiye ta daidai dakali, na shiga ɗakin Baba na durƙusa.

"Baba, an canja mota. Wannan tana da mariƙi."

Ya kalli bango. "Ana ji? A gaya wa mai motar ya tafi, kada ya rasa huɗuba."

"Baba, ba wanda zai taɓa ka."

"An riga an taɓa."

Daga ranar a ɗaki yake azahar, a kan kujera. 'Yan Bin Omran suka zo duba shi, ya ce a ce yana barci. Gashin ma ya daina ba shi ƙarfi, ƙafar ta koma inda ta fito. Bai gama maganin ba ya ce a mai da shi gida. A filin jirgi wani ma'aikaci da bai san shi ba ya ɗora shi a keken marasa lafiya, bai yi musu ba.

Yanzu duk wanda ya zo sayen irin motar nan nakan buɗe masa baya in nuna masa saman ƙofa, in tambaye shi ko yana da tsoho a gida. Yawanci sukan yi murmushi su koma kan allon. Baba yana can gida, masallaci na kallon ƙofarsa, kuma an ce har yau bai sake fita Juma'a ba.