Kwaɗon Yaya

Duk wanda ya ce muku Yayata tana da sauƙin kai, to wata ya gani, ba ita ba. Ni na sani, domin ni ke bi mata, ɗaki ɗaya muka tashi, kuma ban taɓa cin ta a gardama ba. Tela ce, ko in ce tela ce a da. Ta yi shekaru a wani ɗan shago mai taga ɗaya tana taka keke, har ranar da ta shigo gida ta zauna gaban Inna, ta ce ta sami gurbi a kwalejin fasaha, za ta koyi aikin wutar lantarki.

Inna tana ninke wanki. Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Aikin me?"

"Wuta, Inna. Gyaran layi, taransifoma, har da na hasken rana."

"Da girmanki? Da 'ya'yanki? Duk sana'o'in duniya ba ki ga wata ba sai wadda ta cinye ubanki?"

"Saboda shi ɗin ne ma," in ji Yaya.

Babanmu ma'aikacin wuta ne. Wata rana ya hau falwaya zai yi gyara, an kashe layi. Can wurin makunni wani ya tambaya ko an gama, aka ce masa ai kowa ya sauka, sai ya kunna. Baba bai sauka ba. Lokacin Yaya tana budurwa, ni kuwa ban gama wayo ba. Tun daga ranar, ko ƙwan fitila za a canja a gidanmu sai Inna ta bar ɗakin. To ku duba wadda aka zo wa da wannan magana. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta aika a kira mijin Yaya. Shi kuwa bawan Allah ya ce, "Inna, ni da ko gyalen da za ta yafa ban taɓa zaɓa mata ba?" Maganar ke nan ta mutu.

A kwalejin, 'yan ajinsu duk sa'o'in babban ɗanta ne. Suka sa mata Anti. Ranar da aka raba kayan aiki, rigar ta ƙi shiga, ta kawo ta gida ta farke ta sake ɗinkewa, har da ƙarin aljihu. Da ta saka, ga hular kwano, ga takalma kamar kwale-kwale, na yi dariya har da hawaye. Ta ce in ci gaba, ranar da wutar ɗakina ta lalace za mu haɗu.

Lissafi ya ba ta wuya ƙwarai, 'yarta ce ke koya mata a kan teburin cin abinci, suna yi suna faɗa. Hawan falwaya kuwa sai abin da ya ƙaru. Akwai wasu na gwaji a filin kwalejin, ba wuta a jikinsu. Karon farko ta kai rabi, ta tsaya cak, yara a ƙasa suna cewa, "Anti, sauko a kawo miki kujera!" Ta leƙo ta ce duk wanda ya sake magana a kansa za ta dira. Ta kai sama, ta sauko, ta zaga bayan aji ta yi amai, ta dawo ta sake shiga layi.

Amma abin da ya shiga ranta shi ne kwaɗo. Malaminsu, wani siriri mai tabarau, ya ba kowa jan kwaɗo da mabuɗi ɗaya tak. Ya ce kafin kowa ya taɓa waya, a kashe makunni, a datse shi da kwaɗo, a gwada layin a tabbatar ya mutu. Wanda ya kulle shi kaɗai ke buɗewa, kuma ba ya buɗewa sai ya ga fuskar duk wanda ya kulle dominsa. Ba "an ce", ba "ina jin". Sai ido ya gani. Ranar Yaya ta dawo ta ajiye kwaɗon a tafin hannuna, ta ce, "Duba. Ɗan wannan abin ne babu a wurin aikin Baba." Ta ɗaure mabuɗin da zare ta rataya a wuya, ko wanka da shi take shiga.

Da suka kusa gamawa aka tura su sanin makamar aiki. Yaya ta faɗa wani kamfani mai kula da layukan wuta a unguwar masana'antu. Duk wanda ya kammala lafiya, kwaleji za ta ba shi takardar shaida, kamfanin kuma ya kan riƙe waɗanda shugaban ma'aikata ya yaba. In aka kore ka, ba takarda, sai ka jira wata shekara. Ita kuwa ta riga ta saki shago, ta bar wa wata keken. Shugaban, wanda kowa ke kira Oga, ya dube ta ya ce ba zai ɗora uwar wasu a kan falwaya ba. Ya ajiye ta a ɗakin makunni. Tsofaffin ma'aikatan ba sa yawo da kwaɗo, sun ce wannan na 'yan makaranta ne, don haka ita ke kulle wa kowa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi suka kashe layin da ke kai wuta wani katafaren ɗakin sanyi na ajiye kifi. Ta ga duk waɗanda suka fita, ta datse kwaɗonta. Aikin ya ja, rana ta take, janaretan mai kifin ya ƙi tashi. Sai ga shi ya zo da kansa yana ihu, kayansa na narkewa. Ma'aikata suka dawo suna share gumi, Oga ya ce, "Anti, buɗe."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ina Kurege?"

Kurege wani tsohon hannu ne, ɗan ƙarami, wanda ya fi kowa saurin hawa. Shi aka tura falwaya ta ƙarshe, can bayan katangar masana'anta, inda ba a hangowa.

"Ya sauka tuni," in ji Oga.

"Wa ya gan shi?"

Wani ya ce yana jin ya ga wucewarsa. Aka kira wayarsa, a kashe. Aka tura mutum ya zagaya, ya dawo ya ce ba kowa a saman, amma ga tsani nan a jingine, ga jakarsa a rataye.

"To kin ji," in ji Oga. "Buɗe."

"Ranka ya daɗe, tsaninsa na jingine. In ya sauka ɗaukar wani abu ne ya sake hawa fa? Ni fuskarsa nake so in gani."

"Ke za ki koya mini aiki?"

"A'a, ranka ya daɗe. Kwaɗona ne dai ba zan buɗe ba."

Mai kifi ya zage ta tas, ya ce wa ya kawo mace nan. Oga ya kwantar da murya, ya tuna mata takardarta a hannunsa take, ya ce ta tausaya wa kanta da 'ya'yanta. Ta gaya mini daga baya cewa a lokacin har shagon ɗinkin nan ta hango da 'yar tagarsa. Amma ta damƙe mabuɗin ta cikin riga, ta jingina da ƙofar makunnin. Ƙarshe Oga ya sa aka kawo almakashin ƙarfe, aka janye ta gefe, aka datse kwaɗon. Ya kunna da hannunsa.

Ba abin da ya faru. Wuta ta zo, injuna suka tashi. Can sai ga Kurege yana tafe yana sakace, ashe wurin mai shayi ya tafi, wayarsa ba caji. Kowa ya fashe da dariya. Oga ya ce ta tattara kayanta.

Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai raina ya ɓaci. Yaya ta dawo gida da guntayen kwaɗo a aljihu. Malaminsu ya yi ta kai da kawo a kanta, amma doka ta ce sai ta sake zagayowa. Maƙwabta suka samu abin yi: ta bar sana'arta, ta je ta hana mutane wuta a kan wanda ke shan shayi.

Bayan 'yan kwanaki muna zaune tsakar gidan Inna da yamma, aka yi sallama. Kurege ne, ya cire hula yana murza ta. Ya fito da sabon kwaɗo ya miƙa wa Yaya.

"Anti, tun ina saurayi nake hawa," ya ce. "Ba wanda ya taɓa jira na. Na kwana biyu ban yi barcin kirki ba."

Yaya ta juya kwaɗon, ta mayar masa. "Riƙe abinka, Malam. Kai ne mai hawa, kai ya kamata ka kulle. Ni kwaleji za ta ba ni wani. Kuma in ka sauka, ka riƙa nuna fuskarka kafin ka nufi mai shayi."

Da ya tafi, Inna ta yi ajiyar zuciya. "Wato komawa za ki yi."

"Zan koma."

"Kin rasa shekara guda, kin rasa aiki, a kan mutumin da ko a saman ba ya nan."

"Inna," in ji Yaya, "ba na nadama ko ta ƙwayar zarra. Da an sami mai taurin kai irina a ɗakin makunni ranar nan, da yanzu Baba na zaune kan tabarmar can, yana mitar shayinsa bai ji sukari ba."

Inna ta dubi inda ta nuna, ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa hannu, Yaya ta zuba mata guntayen kwaɗon. Ta ƙulle su a gefen zaninta, ta goge ido da bayan hannu.

"In za ki sake rataya mabuɗi," ta ce, "ki zo in ba ki igiya mai ƙarfi. Wannan zaren naki na teloli ba zai riƙe ba."