Gawon da Na Yanke wa Hukuncin Kisa

Ko me zan manta a shekarun da na yi ina koyarwa, ban da ranar da na tara 'yan aji biyar na ce mu sare bishiya, wai don in koya musu ƙaunar bishiya. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, can kuma dariya ta ƙwace mini.

Lokacin ban daɗe da kama aiki ba, aka tura ni wata firamare a wani ƙauye can gefen Makoɗa. Ni kuwa ɗan cikin birni ne, duk sanin da na yi wa gero a kwanon fura ne. Amma na halarci wata bita ta kwana uku a Kano kan kare muhalli, sai na dawo ina jin ni kaɗai zan tare hamada. Na ce wa hedimasta karatun allo bai isa ba, ina so yara su taɓa ƙasa da hannunsu. Ka ji fa, yaran da tun suna goye a gona suke wuni!

Wahalar ita ce fili. A yankin nan ba taku ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi, har jikin katangar makaranta ake shuka. Da ƙyar hedimasta ya lallaɓi wani dattijo mai gona a bayan ajinmu ya ara mana ɗan gefe. Ya kuma ja mini kunne cewa tsohon bai taɓa ara wa kowa ƙasa ba, in na ɓata masa rai shi ke nan, mun rasa filin.

Damina ta kankama, ko'ina ya yi kore shar, na samo dashen darbejiya da mangwaro a leda. Sai dai a tsakiyar filin akwai wata ƙatuwar bishiya tsirara, ba ganye ko ɗaya, sai fararen rassa da ƙaya. A ilimina na lokacin, bishiyar da ruwa ya sauka ba ta tofo ba ai ta mutu. Nan take na tsara darasi: mu cire matacciya, mu dasa masu rai a gurbinta. Har yaba wa kaina na yi.

Da hantsi muka fita da gatura biyu na aro. Yaran da in an ce a fita aji suke rige-rige, ran nan tafiya suke kamar za a yi musu allura. Da muka isa, wata yarinya mai shiru-shiru ta ɗaga hannu.

"Malam, gawo ne fa."

"Na ji, gawo ne. Mataccen gawo."

"Malam, ai haka yake yi da damina."

Na ce, "Ni da ke, wa ya je bita?"

Ta sunkuyar da kai. Ba wanda ya yarda ya fara sara, don haka na karɓi gatari da kaina. A sara na uku na ga cikin itacen ɗanye ne sharaf. Duk da haka girman kai ya hana ni tsayawa. Na ɗaga gatarin ke nan sai na ji sallama a bayana.

Dattijon ne, da fartanya a kafaɗa. Bai ɗaga murya ba. Sai da ya gaishe ni tsaf, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida, sannan ya je ya shafa wurin saran.

"Malam, me ya yi maka?"

"Baba, ai ya bushe."

Ya juya wajen yaran. "Ku a gidajenku ba a gaya muku halin gawo ba?"

"An gaya mana!"

"To me ya hana ku gaya wa Malam?"

Suka haɗa baki: "Ya ce shi ya je bita!"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Tsohon ya ce to su yi mini tasu bitar. Nan fa bakuna suka buɗe. Wannan ya ce gawo da damina yake kaɗe ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne. Waccan ta ce da rani yake tofowa, lokacin da yawancin bishiyoyi suka bushe, awaki su kwanta a inuwarsa su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Wani ya ce in duba geron da ke gindinsa. Na duba, ya fi na ko'ina tsayi da duhun ganye. Kullum ina wucewa ta nan, ban taɓa lura ba.

Sai muryar dattijon ta sauya. Ya ce mahaifinsa ne ya tarar da gawon nan bai kai gwiwa ba, ya kewaye shi da ƙaya shekara da shekaru don kada awaki su cinye. "Gobe ku kwashe ledojinku," in ji shi.

Na jawo wa yara asarar filinsu, na kuma taɓa wa bawan Allah abin da yake tuna ubansa da shi. Yarinyar nan da na gwale ita ce ta matso.

"Baba, ka yi masa haƙuri. Ɗan birni ne, bai san komai ba."

Tsohon ya yi ta maza ya kasa, dariya ta kuɓuce masa. Ya ce in kwaɓa laka da kashin shanu da hannuna in liƙe raunin. In gawo ya yi ganye bayan kaka, fili namu ne. In bai yi ba, mu tashi.

Haka na durƙusa na kwaɓa, yara na gyara mini. Wata uku na yi kullum da safe sai na zaga na ɗaga kai ina leƙen rassa, har addu'a nake yi masa bayan salla. Yaran kuwa suka samu abin yi, in na shigo aji sai su miƙe da ladabi su ce, "Malam, ya mai jiki?"

Ana gama yankan gero, wata safiya na ga ɗan kore-kore a saman rassan. Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Dattijon ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ku ci gaba da shukarku. Amma in za ka taɓa wani abu, ka fara tambayar malamanka." Ya nuna yaran da haɓa.

Abin da na koya shi ne, ba yaron da yake zuwa makaranta da kai fanko, kowa da abin da ya ɗauko daga gida. Tun daga ranar, in ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ba haka ba ne," nakan yi shiru in saurare shi har ya kai ƙarshe.