Jirgin Yaya Sule da bai wuce zaure ba

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Sule kafinta, mutumin Gafasa. Har yau idan aka ambace shi a garinmu, da murmushi ake yi, ni kuwa murmushin nan yana ƙona mini rai.

Da ƙuruciyarsa ya yi dako a bakin teku a Legas. Ya dawo da buri guda: ya haɗa jirgin ruwa da hannunsa, a kai masa shi Legas a mota, ya tuƙa shi kaɗai har Jidda. A tsakar gidanmu ya kafa aikin. Idan ya gama da ƙofofi da kujerun mutane, sai ya koma kan katakonsa, yana gogewa, yana liƙe tsakani da kwalta. A kasuwar Ajingi aka sa masa suna Alhajin Ruwa, ana cewa kafin ya yi bisimilla ya nitse.

Sai da ya gama aka ga jirgin ya fi ƙofar zaure faɗi. Mu mutanen tudu ne, babu wanda ya yi tunanin aunawa, har shi. Ya roƙi Baffa, ƙanen mahaifinmu kuma babba a gidan, a fasa gefen zauren, shi zai mayar da ginin. Baffa ya ce zauren kakanni ne, ba a taɓa shi don wasan yara. Sauran kewayen gidan kuwa duk ɗakunan mutane ne. Yaya ya yi ta tura dattawa, amsar ba ta canza ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, na kai masa kunu, ya ce mini, "Hadiza, na haƙura da Jidda. Ko kogin Wudil ne, in dai ga ya tsaya a kan ruwa."

Bai gani ba.

Ba a daɗe da binne shi ba aka rushe zauren, aka sa ƙofar ƙarfe don motar ɗan Baffa ta samu shiga. Ban ji wanda ya ambaci kakanni ba. Nakan ce da Yaya zai ga faɗin ƙofar nan yau, me zai ce? Na san shi. Abin awonsa kawai zai ɗauko.

Jirgin yana nan bayan rumbu. Da rani awaki ke kwana a ciki. Da damina ruwan sama kan cika shi fal, ya yi kwana da kwanaki, ko ɗigo ba ya tsiyaya. Waɗanda suka ce zai nitse suna gani. Abin da kawai suke cewa shi ne a kwashe ruwan saboda sauro.

Allah Ya jiƙanka, Yaya.