Fulogin da Na Ce a Bola Na Tsinto

Da daminar bana shekara tara ke nan da rasuwar kawuna, Malam Sale bakanike, wanda ya ƙare rayuwarsa yana gyaran mota a gindin wata tsamiya kusa da tashar Makoda. Kowace shekara nakan ɗauki alƙalami don in rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye, saboda na san ba zan iya yabonsa ba sai na fara tona asirin kaina. Bana dai na ce komai ɗacinta sai na faɗa.

Yayan mahaifiyata ne. Sunan kakata na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai “Uwata”. Bai yi boko ba. Allo ya yi, sai gona, sai sufana. Idan direba ya kawo bas tana shaƙewa, Kawu zai kwance fulogi ɗaya ya ɗaga, ya ƙura wa bakinsa ido, wato ɗan tsinken ƙarfen nan da wuta ke tashi daga jikinsa. In ya ga busasshen baƙi, ya ce fetur ya yi yawa. In ya jiƙe, ya ce inji ya fara shan baƙin mai. In ya yi fari fat, sai ya girgiza kai ya ce zafi na cin motar. Fulogin da ya mutu kuwa ba ya yarwa. Ƙyalle yake ɗaura masa, ya rubuta da ajami motar da ya fito da watannin da ya yi a cikinta, ya jefa a gwangwanin madara.

Da na kai shekarar ƙarshe a kwalejin fasaha a Kano, aka ba ni bincike a kan ƙarfen da ya fi dacewa da bakin fulogi a tsofaffin motocin haya. Littattafai sun riga sun ba ni amsa: iridiyam, mai tauri, mai daɗewa. Na zo gida ina ta zuba. Kawu ya bari na gama, sannan ya zazzage gwangwani uku a kan tabarma.

“Uwata, mai siririn bakin nan da kike faɗa na sabuwar mota ne,” in ji shi. “A injin da ke shan mai, wata biyu ya toshe, kuma ba ya son a goge shi. Mai jan ƙarfe kuwa in goge, in gyara tazararsa, ya koma aiki. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ki fara duba injin kafin ki duba kwali.”

Hutun nan gaba ɗaya a gindin tsamiya na yi shi. Yana karanta mini ƙyallayen, ina juyawa zuwa Turanci.

Ranar da zan kare binciken, shi da kansa ya ɗauko gwangwanayen ya shigo bas ɗin farko. Ya sa rigarsa ta Sallah, amma baƙin da ke ƙarƙashin farcensa ba sabulun da ke fitar da shi. Na karɓi kayan, na cire ƙyallayen, na bar shi tsaye a bakin ƙofa. Na daɗe ina gaya wa ƙawayena cewa kawuna “harkar sufuri” yake yi.

Bayani ya tafi daidai. Can sai wani malami da aka gayyato daga waje ya ɗaga fulogi ɗaya ya ce, “Wannan aiki ne na shekaru. A ina kika samo su?”

Na ce, “A bola na tsinto su, Yallaɓai, a garejojin ƙauye.”

Aka yi dariya, aka yaba wa ƙwazona. Ban waiwaya ba, amma na san ƙofar a buɗe take. Magana zarar bunu ce. Da na fito, ya miƙo mini ledar gyaɗa da Inna mahaifiyata ta aiko, ya ce, “Allah ya sa albarka, Uwata. Bari in kama mota kafin la’asar.” Gwangwanayen ma bai tambaya ba.

Shekara biyu ya ƙara a duniya. Nakan je gaishe shi, ya tambaye ni aiki, ya cika mini buhu da gero. Sau da yawa maganar takan zo mini har baki, sai in ce wata rana. Zazzaɓin kwana huɗu ya riga ni.

Yau ni ce ke koyar da wannan darasi. Kowane shagon kayan mota cike yake da kwalaye masu sheƙi, na gaske da jabu duk sunan iridiyam suke ɗauke da shi, kuma sai an jona wa mota na’ura kafin a ce ga ciwonta. Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce. Ba na jin zai raina na’urar, mutum ne mai son sanin sabon abu. Abin da zai dame shi, ina tsammani, shi ne yadda ake cire fulogi a wurgar ba tare da an dubi bakinsa ba. Me zai ce kuma da ni, da nake tsayawa gaban ɗalibai ina faɗin maganarsa kamar tawa?

Watan jiya a kasuwar Tsanyawa wani tsohon direba ya tsare ni da ido, ya ce, “Hajiya, ba ke ce uwar Sale ba?” Na ce ni ce. Ya ce har gobe direbobin layinsu ba sa sayen fulogi sai sun kwance tsohon sun duba, kamar yadda marigayi ya koya musu. Sai ya yi dariya ya ƙara da cewa, “Ai ya ishe mu da labarinki. Kullum sai ya ce da can ‘mai siririn baki’ yake ce wa fulogin iridiyam, sai da uwarsa ta je makaranta ta koya masa sunansa na gaskiya.”

Na rasa inda zan sa fuskata a tsakiyar kasuwa. Kalma ɗaya tak na taɓa koya masa, ya yi ta yawo da ita yana ɗaga ni a gaban mutane har ya koma ga Mahaliccinsa. Abin da ya rage nasa yana hannun direbobin nan, yana kuma cikin littattafan ɗalibaina, waɗanda sai a wannan zangon suka fara jin sunansa daga bakina. Na makara, da-na-sani ƙeya ce. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya roƙa wa Malam Sale rahama. Ni kuma ina roƙon Allah ya sa ya yafe mini tun a cikin bas ɗin da ta mayar da shi gida.